Kafin ka ce "ni dai sai likita": zauna mu yi lissafin riba da faɗuwa

Duk shekara da zarar sakamakon JAMB ya fito, ka san yadda Facebook da WhatsApp suke cika. Wannan ya ɗora nasa, waccan ta ɗora nata, ana ta zuba "masha Allah" da "Allah ya sa albarka, Dakta". In kai ne ka ci maki mai kauri, to tun ba ka taka ƙofar jami'a ba gwaggo ta fara ce maka likita, kawu ya fara tsokanar ka da tambayar maganin ciwon gwiwa. A gidajenmu da yawa ba a ma tambayar yaron da ya iya kimiyya me yake so ya karanta. An riga an yanke, likita zai zama, magana ta ƙare.

To tsaya tukuna, ɗan uwa. Ke ma 'yar uwa, da ke nake. Likitanci sana'a ce mai daraja, babu mai musun wannan. Amma abin da kake shirin sa wa hannu ya wuce kwas ɗin jami'a. Kusan duk shekarun samartakarka za ka bayar, kuma aikin da za ka tarar a ƙarshe bai yi kama da hoton farar riga da abin sauraron ƙirji da ake ɗorawa a Instagram ba. Wanda ya shiga don aikin yakan jure. Wanda ya shiga don sunan kawai, ko don kada a ce ya ba iyaye kunya, shi ne yake shan wahala biyu. Saboda haka zo mu baje komai a faifai, sannan ka zaɓa idonka a buɗe.

Ƙofar shiga ƙunci gare ta

A takarda sharuɗɗan ba su da yawa. Kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da dama suna so a zama ɗaya ka same su. A JAMB kuma Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, jimillar maki 400. Bayan nan sai tantancewar da kowace jami'a take yi da kanta.

Matsalar ita ce kujera. Jami'a ba ta da ikon ɗibar ɗaliban likitanci yadda ta ga dama. Hukumar kula da likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya, wato MDCN, ita take yanke wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta da gadajen asibitin koyarwarta. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ninka guraben daga 5,000 zuwa 10,000 a faɗin ƙasa. Duk da haka masu nema sun ninka kujerun sau da yawa. Shi ya sa za ka ga yaro ya ci makin da zai ba shi kowane kwas, amma a ABU ko BUK ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko ta Maiduguri sai a tura shi wani sashen.

Nan ne asara ta farko take faruwa. Akwai masu shafe shekara uku ko huɗu a gida suna maimaita JAMB, wai su sai likitanci ko a fasa. In ka yanke za ka sake gwadawa, ba laifi, amma ka sa wa kanka iyaka tun yanzu: sau nawa? Kuma ka sani samun gurbi bai gama magana ba. A shekarar farko kimiyyar gama-gari za ka yi, kuma sai ka kai matakin da makarantar ta gindaya kafin a bar ka ka haye aji biyu, inda ainihin karatun yake farawa.

Shekara shida, in ba a yi yajin aiki ba

A aji biyu da uku za ka haɗu da manyan darussa uku: anatomi, wato sanin ginin jikin ɗan Adam, fiziyoloji, wato yadda gaɓoɓi suke aiki, da bayokemistiri. A nan ne za a shigar da kai ɗakin gawa, a ba ka wuƙa, ka koyi kowace jijiya da kowane ƙashi da hannunka. Warin sinadarin da ake adana gawar da shi yana sa ido hawaye, yana bin tufafi har ɗaki. Yawanci ana sabawa cikin 'yan makonni, amma gara ka sani tun yanzu.

Abin da ya fi karya ɗalibai shi ne yawan karatun. Ba wai ya fi lissafin injiniya wuyar ganewa ba ne, yawa gare shi kamar rairayi, kuma ba ya jira. Wanda ya saba yin karatun dare biyu kafin jarabawa ya ci, a nan dabararsa ba ta aiki. Makin tsallakewa 50 ne. In ka faɗi babbar jarabawa a ba ka damar sakewa, in ka sake faɗi ka maimaita aji, in abin ya ci gaba a sallame ka daga sashen. Ka yi tunanin yaron da tun firamare shi ne na ɗaya, yau ga sunansa a jerin masu sakewa. Wannan bugun zuciyar ba kowa yake iya ɗauka ba.

Daga aji huɗu za ka koma asibitin koyarwa: ilimin cututtuka da na magunguna, sannan zagayen ɗakunan yara, mata da haihuwa, tiyata, cututtukan manya da lafiyar al'umma. Safiya kana bin manya zagayen marasa lafiya, ana yi maka tambaya a gaban kowa, rana lakca, dare karatu. Hutu ya zama ɗan kaɗan. Bikin abokai da sunan 'yan uwa da yawa a hoto za ka gan su.

Wannan duk in komai ya tafi daidai ke nan. A 2020 ASUU ta yi yajin aiki na kusan wata tara, a 2022 ta yi na wata takwas. Ɗalibin likitanci kuma yajin aiki biyu ne suke taɓa shi, domin in likitocin asibitin koyarwa suka ajiye aiki, darasin gefen gado ma ya tsaya. Haka shida take komawa bakwai ko takwas. Abokinka da ya karanta kwas ɗin shekara huɗu zai gama, ya yi hidimar ƙasa, wataƙila har ya yi aure, kai kana nan kana kiran Baba kuɗin abinci sun ƙare.

Rantsuwa ba ita ce ƙarshen hanya ba

Ranar da aka rantsar da kai, lasisin wucin gadi MDCN za ta ba ka. Sai ka yi wata goma sha biyu na horon aiki a asibitin da aka amince da shi, abin da suke kira haus job: wata uku-uku a sashen cututtukan manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. Samun gurbin wannan horon ma wani lokaci sai an yi jira. Bayan shi ne za ka sami cikakken lasisi, sannan ka tafi hidimar ƙasa.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ko ka tsaya a matsayin likitan gama-gari, ko ka nemi ƙwarewa a wani fanni. In ƙwarewa kake so, sai ka ci jarabawar share fage ta kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, ka sami gurbi a asibitin koyarwa, ka yi shekara biyar zuwa shida ko fiye kana aiki kana karatu, da manyan jarabawa biyu a tsakani, kafin a kira ka kwansaltan.

Yanzu ɗauki biro. Ka shiga jami'a kana da shekara 18. Ka gama kana 24, in ba a yi yajin aiki ba kuma ba ka maimaita ba. Haus job 25, hidimar ƙasa 26. Ka ce ka yi sa'a ka shiga horon ƙwarewa kana 27. Za ka zama kwansaltan kana 33 ko sama. Wannan lissafin mai sa'a ne fa. Kwansaltan ɗin da ka gani da mota mai kyau har ka ce kai ma haka kake so ka zama, shekara goma sha biyar ce a tsakaninku, kuma yawancinta a kan benci da gefen gado aka yi ta.

Maganar kuɗi, ba ɓoye-ɓoye

A jami'ar gwamnati kuɗin makaranta da sauƙi in aka kwatanta da sauran ƙasashe, duk da ƙarin da jami'o'i da yawa suka yi tun 2023. Amma akwai littattafai, kayan aiki, kuɗin mota tsakanin makaranta da asibiti, da ciyarwa na tsawon shekara shida. Kuma abin da ba a faɗa maka shi ne, ɗalibin likitanci ba shi da lokacin buga-buga. Abokinka na wani sashen zai iya sayar da data ko ɗinki ko koyarwa ya rufa wa kansa asiri. Kai da wuya. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da ya fara aiki a 2024 zai iya rage wani nauyin, amma bashi ne, za a biya. Jami'o'i masu zaman kansu kuwa maganar miliyoyi ake yi duk shekara.

In ka fara aiki fa? Gaskiya albashin sabon likita ya fi na yawancin sababbin ma'aikatan gwamnati, kuma ba za ka daɗe kana yawo da takardu ba. Amma in ka raba shi da awannin da kake yi, ka cire tsadar rayuwa, ba abin da ake zato ba ne. Jihohi ma ba ɗaya suke biya ba. Shekara da shekaru alawus ɗin haɗari na likita naira 5,000 ne a wata, har lokacin annobar korona haka yake, sai a ƙarshen 2021 aka ƙara shi. Ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, ta yi yajin aiki na kimanin wata biyu a 2021, ta sake yi a 2023, kuma bashin albashi da alawus suna cikin manyan dalilan.

Sai kuma harajin dangi. Da zarar an ce "ɗan gidan nan likita ne", duk wanda ya yi zazzaɓi a dangi lambarka za a kira, kuma sau da yawa ba shawara kaɗai ake nema ba, har da kuɗin magani. In burinka na farko shi ne ka yi kuɗi da wuri, wallahi yaron da ya shiga Kantin Kwari yana ɗan shekara 18 ya riƙe amana zai iya riga ka gina gida. Likitanci yana ba da rufin asiri mai ɗorewa. Arzikin gaggawa kuwa, nemi wata ƙofar.

Nauyin da ba ya fitowa a hoto

Akwai ranakun kwanan asibiti. Ka shiga da safe, ka yi aikin yini, ka kwana kana karɓar duk wanda aka kawo, gari ya waye ka ci gaba da aikin washegari. Ba ruwan ciwo da Sallah ko azumi.

Gajiya ma da sauƙi a kan wani abin. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya. Najeriya mai masaukin baƙi ba ta taɓa kaiwa ba. Ma'anar wannan a gefen gado ita ce: yawancin marasa lafiya daga aljihunsu suke biya. Za ka san ciwon, ka san maganin, ka rubuta, uban yaro ya karɓi takardar ya tsaya yana kallon ka don ba shi da ko sisi. Za ka nemi jini a rasa. Za a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Likitoci da ma'aikatan jinya sukan yi karo-karo daga aljihunsu, amma ba kullum ake iyawa ba. Kuma kai ne za ka fita ka gaya wa uwa cewa ɗanta ya rasu, ka wanke hannu, ka juya ga gado na gaba. Wani lokaci dangi cikin zafin rashi kai za su huce a kanka.

Haɗarin kamuwa da cuta ma gaskiya ne. Dakta Stella Adadevoh, wadda ta hana mutumin da ya shigo da Ebola Legas fita daga asibiti a 2014, ta ceci ƙasa amma cutar ta yi ajalinta. A farkon 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci a Kano bayan sun kula da mara lafiyar da ba a san tana ɗauke da shi ba. Ga kuma matsalar tsaro, an sha sace ma'aikatan lafiya a jihohinmu.

To me ya sa har yanzu mutane suke shiga?

Saboda ɗaya hannun sikelin ma yana da nauyi, nauyi sosai.

Na farko, ana buƙatar ka. A 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ce likitoci masu lasisi a Najeriya kimanin 55,000 ne. Raba mutum sama da miliyan 200 da wannan adadin, za ka ga likita ɗaya yana ɗauke da kusan mutum 4,000. Kuma Legas da Abuja sun kwashi kaso mai tsoka, saboda haka a ƙananan hukumominmu na Arewa abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba. A ƙasar da masu digiri suke shekaru ba aiki, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu, kana ganin amfanin aikinka da idonka. Yaron da aka kawo yana jijjiga saboda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa ƙwaƙwalwa, bayan kwana biyu ka tarar da shi zaune yana rigimar a ba shi shayi. Matar da naƙuda ta tsaya mata aka kawo ta daga ƙauye a galabaice, ka shiga da ita tiyata, ka fito da uwa da jariri suna numfashi. Sana'o'i kaɗan ne suke ba mutum irin wannan. Kuma likitan da yake jin Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, wanda tsohuwa za ta ce masa "cikina ne yake murɗawa" ya gane ba tare da tafinta ba, yana da wani makami da littafi ba ya bayarwa.

Na uku, fagen yana da faɗi. Dakta Barau Dikko, likita na farko daga Arewacin Najeriya, wanda asibitin koyarwa na Kaduna yake ɗauke da sunansa, har siyasa da minista ya yi. Shi kansa Pate a ABU Zariya ya yi karatun likita kafin ya kai Bankin Duniya. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin binciken da aka wallafa a 2023, wanda ya nuna cewa auna jinin da mace take zubarwa bayan haihuwa da shimfiɗa mai ma'auni, tare da ba da magunguna a haɗe nan take, yana rage mummunan zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari. A 2024 mujallar Time ta sa ta cikin mutum 100 mafiya tasiri a harkar lafiya a duniya. Daga Kano fa aka yi wannan.

Na huɗu, ga mai neman lada, Imam Gazali ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, wato in babu mai yi a al'umma kowa ya yi laifi.

Ke 'yar uwa, taki maganar daban ce

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suke mutuwa wajen ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne, kuma Arewa ce ta fi ɗaukar nauyin. Mun san matan da suke ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu don ba sa son namiji ya duba su, mun san mazan da ba sa barin matansu zuwa asibiti saboda wannan dalilin. Kowace mace likita da aka samu tana buɗe wa ɗaruruwan mata ƙofa.

Amma shekarun karatun nan su ne shekarun da za a fara yi miki maganar aure. Mata da yawa sun haɗa biyun sun yi nasara, wasu da goyo suka rubuta jarabawar ƙarshe. Abin da ya taimake su shi ne miji da dangin da suka fahimta. In manemi ya zo, kada ki tsaya a "ai zan bar ki ki yi karatu". Ki tambaye shi dalla-dalla, a gaban manya: ya yarda ki kwana asibiti? Ya yarda ki duba maza? In aka tura ki wata jihar fa? Wa zai riƙe yara ranar da kike kwanan aiki? Ba a fafe gora ranar tafiya.

In an ce a fita waje fa?

Ɗalibanmu da yawa sun yi likitanci a Sudan da Masar da Indiya da Yukren, wasu da kuɗin gwamnatocin jihohi, wasu da na iyaye. Hanya ce, amma da ƙayoyinta. Duk wanda ya yi karatu a waje sai ya ci jarabawar tantancewa ta MDCN kafin ya taɓa mara lafiya a Najeriya, kuma ana faɗuwa sosai. Sannan ka tuna abin da ya faru. Yaƙin Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, ɗalibai suka gudo, MDCN kuma ta ce ba ta yarda da karatun likita ta intanet ba. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, aka kwaso ɗalibanmu a motocin bas zuwa iyakar Masar, wasu saura 'yan watanni su gama. Kafin a sayar da gona ko fili a tura ka, a tabbatar MDCN ta san makarantar.

A gida ma haka. Sababbin makarantun likitanci suna ta buɗewa. Ka bincika ko kwas ɗin yana da amincewar hukumar jami'o'i ta NUC da kuma ta MDCN, ka tambayi adadin da aka yanke musu da adadin da suke ɗiba. Makarantar da ta ɗibi fiye da ƙa'ida, ɗalibanta ne suke gamawa su zauna jiran rantsuwa.

"Ai in na gama japa zan yi"

Da yawa wannan ne lissafinsu na ɓoye, kuma ba abin mamaki ba ne. Ministan lafiya da kansa ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan, zuwa Ingila da Amurka da Kanada da Saudiyya. Lallai takardar likita tana tafiya ko'ina. Sai dai ba tikitin jirgi ba ce. Ingila sai ka ci jarabawar Turanci da ta PLAB, Amurka sai USMLE, duk da kuɗin waje ake biya, kuma ƙasashen suna canza dokokinsu yadda ya dace da su. A gida ma a 2023 an kai ƙuduri majalisar wakilai na a tilasta wa likita aikin shekara biyar kafin a ba shi cikakken lasisi. Bai zama doka ba, amma ya nuna maka inda iska take kaɗawa. Shekara goma nan gaba ba wanda ya san yadda ƙofar za ta kasance. Kuma ko a Landan ne, aikin dai shi ne: marasa lafiya, kwanan asibiti, jarabawa. In ba ka son sa a Zariya, canjin gari ba zai sa ka so shi ba.

Asibiti ba likita kaɗai ba ne

In abin da yake jan ka shi ne taimakon marasa lafiya, ƙofofin suna da yawa. Akwai aikin jinya da ungozoma, harhaɗa magunguna, kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, ɗaukar hoton ciki da ƙashi, gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, lafiyar ido, likitan haƙori, da lafiyar al'umma. Kowanne sana'a ce mai lasisinta da hukumarta, kuma ana neman su a gida da waje. Likita ba ya iya komai in babu su. Wanda ya zaɓi ɗaya daga ciki don ya dace da halinsa bai faɗi ba.

Abin da za ka yi kafin ka cike fom

Gani ya kori ji. Nemi izini ta hannun wani ma'aikacin lafiya da ka sani, ka je babban asibitin garinku ka yini, musamman sashen gaggawa da ɗakin yara. Ka ji warin, ka ji kukan, ka ga layin. In ka dawo gida ka tambayi kanka: na ji ina so in gudu ne, ko na ji ina so in san abin da ke damun yaron can?

Ka yi hira da mutum uku: ɗalibin aji uku, likita mai haus job, da mai neman ƙwarewa. Kada ka tsaya a kan kwansaltan kaɗai, shi ya riga ya haye, wahalar ta zama labari. Ka tambaye su awa nawa suka yi barci a makon nan, kuma in aka mayar da su baya za su sake zaɓar wannan hanyar?

Ka zauna da masu ɗaukar nauyinka ku yi lissafin shekara bakwai, ba shida ba. In kuma ka san a ranka ba ka so, burin Baba ne ko na Umma, to ka faɗa musu yanzu cikin ladabi, ko ka nemi kawu ko malamin da suke jin maganarsa ya shiga tsakani. Ɓacin ransu na wata guda ya fi sauƙi a kan a sallamo ka daga aji uku bayan an kashe kuɗi da shekaru.

Ka yi istihara, ka yi shawara. In bayan duk wannan zuciyarka ta ce ita dai nan take so, to bismillah, ɗaura ɗamara ka shiga, kada kowa ya karya maka gwiwa. Akwai asibitoci a ƙananan hukumominmu da suke jiran irinka. Allah ya yi mana zaɓi mafi alheri.